Koyon aikin masana'anta da tabarau na VR: tambayoyin da ake yawan yi min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Walda ce asalin sana'ata kafin a maida ni ɓangaren koyar da sababbin ma'aikata a masana'anta, kuma tun da aka fara maganar nan ta koyon aiki a cikin tabarau, da ake cewa darasinsa yana daidaita kansa da mai koyo, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo min, wani a wurin aiki wani a majalisa wani ta waya cikin dare. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda in amsa. Ni fa gaskiya ba tabarau ɗin ne ya dame ni ba, abin da ya dame ni shi ne ko darasin da ke ciki zai karɓi kowa, Baba mai shekara 55, da yarinyar da ta gama foli jiya, da wanda bai taɓa zama a aji ba amma Allah ya sa wa hannunsa albarka.

Malam wai mene ne ma wannan abin, gem ne?

Kamar gem yake a ido amma aiki ne. Ana zana maka injin ɗin da za ka yi aiki da shi a cikin kwamfuta, da maɓallansa da belinsa da ƙararsa, ka sa tabarau ka ga kanka tsaye a gabansa, ka kunna ka kashe ka kwance ka ɗaura, in ka yi kuskure ba yatsan da zai fita ba kayan kamfani da za su lalace, shi ne ake ce wa VR. Wani kuma ba ya rufe maka ido gaba ɗaya, kana ganin ƙarfen gaske a gabanka sai a ɗora maka kibiya ko rubutu a kansa, shi ne ake ce wa AR. Sunan ma daga masana'anta ya fito, wani injiniya ne a kamfanin jiragen Boeing mai suna Tom Caudell ya raɗa shi a farkon shekarun 1990, lokacin suna neman yadda za su sauƙaƙa wa masu haɗa wayoyin jirgi aiki. Kuma ba dole sai da tabarau ba, ana yi a kwamfuta ana yi a tablet har a waya.

To me ake nufi da cewa darasin yana daidaita kansa da mutum? Na'ura ta ina za ta san ni?

Nan ne zancen yake. Ka tuna yadda maigida na ƙwarai ke yi da yaransa a gareji, ba ya ba su aiki iri ɗaya, wanda hannunsa ke rawa sai ya ce je ka ta yin layi a kan guntun ƙarfe har ya tsaya, wanda ya kama sai ya tura shi gaba, kuma in ya ga yaro ya fara iyawa sai ya daina riƙe masa hannu ya koma gefe yana kallo. To abin da ake so manhajar ta kwaikwaya ke nan.

Ɗauki walda. Na'urorin koyon walda irin su VRTEX na Lincoln Electric da Soldamatic na ƙasar Sifen suna auna yadda ka karkata hannu, da saurin tafiyarka, da nisan da ke tsakanin bakin rodi da ƙarfe. Idan gudu kake yi da yawa za ta nuna maka alama a cikin hular tana cewa rage. Mai daidaita kanta ta gaske ba a nan take tsayawa ba, in ta ga sau biyar a jere saurinka ya yi daidai sai ta cire alamar ta bar ka da idonka, in kuma ta ga kullum a kusurwa kake faɗuwa sai ta ƙara maka aikin kusurwa ta rage maka wanda ka riga ka iya, bayan kwana biyu ta sake dawo maka da na farkon ta gani ko yana nan. Wannan dawowar tana da dalili, tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum ya fi mantuwa a awannin farko da kwanakin farko bayan koyo, 'yan makarantar allo ma sun san haka shi ya sa ake tilawa.

Lissafin da ke ƙasa kuwa ba tsafi ba ne, ƙiyasi ne kawai, duk aikin da ka yi daidai sai ta ƙara zaton ka iya, duk kuskure ta rage, tana kuma barin sarari don wani lokaci sa'a mutum ya ci wani lokaci kuma tuntuɓe ne kawai ya yi. Corbett da Anderson na jami'ar Carnegie Mellon sun fitar da irin wannan lissafin tun tsakiyar shekarun 1990 don koyar da ɗalibai da kwamfuta.

Amma in wani ya zo yana ce maka tasa manhajar tana gane mai koyo da ido da mai koyo da kunne ta raba su, kar ka biya kuɗi a kan wannan, masana sun bi zancen a 2008 ba su samu hujjar kirki a kai ba. Abin da ke aiki shi ne a duba me ka iya yanzu me ya rage maka.

Ai wannan duk sabon yayi ne na Turawa, ba?

Kwaikwayon ya tsufa. A 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi a garin Binghamton na Amurka, kuma da zugazugi yake motsi wallahi, irin na kayan kiɗan coci da gidansu ke ƙerawa. A yaƙin duniya na biyu matuƙa sama da 500,000 aka koyar da shi.

Amma tarihin da ya fi ratsa ni shi ne na shirin TWI, wato shirin koyar da ma'aikata a cikin masana'anta. Daga 1940 zuwa 1945 mazan Amurka sun tafi yaƙi, masana'antu suka cika da mata da manoma da mutanen da ba su taɓa riƙe sifana ba, kuma ana buƙatar kaya jiya-jiya. Sai gwamnati ta koya wa sufabaizoji hanyar koyarwa mai mataki huɗu da aka buga a ɗan kati mai shiga aljihu, ka kwantar wa mai koyo da hankali ka ji abin da ya riga ya sani, ka nuna masa aikin ɗaya bayan ɗaya kana faɗa masa inda sirrin yake, ka bar shi ya yi da hannunsa yana yi maka bayani, sannan ka riƙa leƙo shi kana rage leƙen a hankali. Masana'antu sama da 16,000 suka bi ta shirin. Takensu shi ne idan ma'aikaci bai koya ba to mai koyarwar ne bai koyar ba. Bayan yaƙi shirin ya tafi Japan, Toyota ta ɗauka a farkon shekarun 1950 ta riƙe shi gam. Duk manhajar da aka kawo min da wannan katin nake auna ta, in ba ta fara da tambayar me ka riga ka sani ba, ni a wurina bidiyo ce kawai aka liƙa wa mutum a fuska.

Me ya sa yanzu ne kamfanonin waje suka tashi haiƙan a kai?

Rashin ma'aikata. Tsofaffin hannu suna ritaya yara ba sa shigowa. Rahoton kamfanin Deloitte da cibiyar Manufacturing Institute na 2024 ya ce masana'antun Amurka za su buƙaci sababbin ma'aikata kusan miliyan 3.8 zuwa 2033, kuma wajen rabi na guraben zai iya zama babu kowa. Mata kuwa kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai na ma'aikatan masana'antunsu. Jamus da Japan su ma tsufa ya kama su suna ɗauko baƙi daga waje. To idan layi ɗaya ya haɗa ɗan Meziko da 'yar Somaliya da tsohon soja da yaro ɗan shekara 19, lacca ɗaya da Turanci a ɗaki ɗaya ba za ta ɗauke su ba, dole a nemi wata hanya.

Oga ni ban yi boko ba, Turancina na gaisuwa ne. Ni ma zan iya?

Za ka iya ɗan'uwa, in dai waɗanda suka haɗa darasin sun tuna da kai. Wannan tambayar tana taɓa ni sosai. A wani kamfani da na yi aiki an taɓa kawo jarrabawar tsaro a kwamfuta, duk da Turanci, tambaya da amsa huɗu ka zaɓi ɗaya. Akwai wani dattijo a ɓangaren injin matsa ƙarfe, ya fi shekara 20 a wurin, daga ƙara kawai yake sanin bearin ya kusa tafiya, ya faɗi jarrabawar sau biyu aka rubuta bai cancanta ba, yaron da shi ya koya wa aikin kuma ya ci tun zaman farko. Ranar da na ga dattijon nan zaune a bakin get ya kasa cin abincin ranarsa har yau ba ta fita raina ba. Ba sanin aiki aka gwada ba, Turanci aka gwada.

To alherin koyo a cikin tabarau shi ne da hannu kake amsawa. Maimakon a tambaye ka a rubuce me za ka yi kafin ka sa hannu cikin injin, sai a ajiye ka gaban injin a gani, ka kashe babban makunni? Ka sa kwaɗonka ka rataya katinka? Ka sauke iskar da ta rage a bututu? Ka danna maɓalli ka tabbatar ya mutu da gaske? Wannan ba ya buƙatar karatu. Bayani kuma sai ya zo da murya cikin harshenka. A Amurka ma hukumar tsaron ma'aikata OSHA ta fito ƙarara a 2010 ta ce dole a koyar da ma'aikaci tsaro da harshe da kalmomin da yake ganewa, in ba haka ba ba a koyar ba.

Sai dai ina roƙon masu haɗawa don Allah kar su zuba wa Google rubutu su kwaso su ce an gama. Hausa tana cikin Google Translate tun 2013 amma duba wannan, in murya ta ce maka "kashe wuta" a shagon walda, wutar lantarki ake nufi ko gobarar da ta kama tsumma a bayanka? In ta ce "zuba mai", baƙin mai ne ko giris ko fetur? Ɗan'uwanmu da ya zo daga Maraɗi kuran zai ce maka ba lantarki ba. Kuma wasu kalmomin ma in ka fassara su Hausa zalla ma'aikacin ba zai gane ba don shi bawul ya sani, fiyus ya sani. Sai an zaunar da ma'aikata na gaske sun saurara sun ce eh haka muke faɗa. In za a sa rubutu kuma a tuna akwai masu karanta ajami sarai da ba sa karanta boko.

Ni shekarata 56, ko wayar shafa jikana ke saita min. Ba kunyata ni za a yi a gaban yara ba?

Baba Allah ya ƙara girma, tsoronku yana kan hanya. Abin da ke ba manya wahala ba aikin ba ne, 'yan sandunan nan biyu ne da ake riƙewa a hannu, wane maɓalli ne ɗauka wane ne saki. Wannan minti 15 ne a keɓe ba idon kowa, a bar ku ku ɗauki abu ku ajiye har hannu ya saba, kuma kar a fara ƙirga maki sai bayan nan. In aka haɗa makin riƙe sanda da makin sanin aiki an zalunce ku.

Sannan akwai abin da bincike ya tabbatar wanda ku kun daɗe da sani a jikinku. Slava Kalyuga da John Sweller a Ostiraliya sun yi gwaje-gwaje da masu koyon sana'a a masana'antu suka ga bayanin dalla-dalla da ke taimakon sabon shiga, shi ɗin dai yana dagula wa wanda ya ƙware lissafi. Wato a sa ku zaman awa biyu ana nuna muku wannan sunanta guduma ba ɓata lokaci ba ne kawai, cutarwa ce. Darasi mai hankali zai gwada ku da farko, ya tsallake abin da kuka iya ya kai ku kan sabon injin ɗin kai tsaye.

Kuma Baba ni a ganina ku ya kamata a zaunar tun ranar da za a fara haɗa darasin. Injiniyan da ke ofis littafin injin ya sani, ku kuka san cewa in damina ta sauka kayan na shan danshi sai an canza saiti, ku kuka san walda mai kyau ƙararta kamar ana suya a kasko take. In kuka yi ritaya ba a ɗauki wannan ba shi ke nan ya tafi.

Ni mace ce, na sa tabarau ɗin minti 10 jiri ya kwashe ni zuciyata na tashi, aka ce wai mata ba sa iyawa. Haka ne?

A'a 'yar'uwa kar ki yarda. Jirin yana kama maza yana kama mata, dalilinsa ido yana ce wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne kuma yana cewa a tsaye muke, sai jiki ya rikice, kamar mai karatu a cikin mota. Gaskiya ne an sha samun rahoton ya fi kama mata, amma a 2020 Kay Stanney da abokan aikinta sun bi diddigi suka gano babban dalilin shi ne tazarar da ke tsakanin idanu biyu. Ta mata a matsakaici ta fi ƙanƙanta, tabarau da yawa kuma da kan namiji aka auna su. Da aka ba matan wanda ya yi daidai da idonsu sai bambancin ya kusan ɓacewa. Tabarau ɗin Quest 2 misali saiti uku kawai gare shi, milimita 58 da 63 da 68, in naki bai faɗa kusa da ɗaya ba za ki sha wuya.

Ki ce a saita miki tazarar kafin ki fara, ki fara a zaune, kar ki wuce minti 10 zuwa 15 a kwanakin farko, da kin ji alama ki cire kar ki daure don dauriya ƙara shi take. Ki ce a gyara maɗaurin ya zauna daidai a kan hijabinki ko ɗankwali, nauyinsa wajen rabin kilo ne in ya zame wuya ne zai ɗauka. A goge shi tsakanin mutum da mutum, musamman lokacin da afolo ke yawo. In duk an yi haka bai bar ki ba, haƙƙinki ne a ba ki darasin a allon kwamfuta, ba a ce kin faɗi ba.

Bahago fa? Da mai gilashi, da wanda ba ya ji sosai?

Bahago a juya masa komai zuwa hagu, na'urar da ba ta iya wannan ba a maida wa mai ita. Mai gilashi akwai 'yar roba da ake ƙarawa don gilashin ya samu wuri. Wanda kunnensa ya yi rauni, kuma suna da yawa a cikinmu don shekara da shekaru cikin ƙarar injin ba wasa ba, a ba shi rubutu da alama da girgiza a hannu. Akwai kuma waɗanda ba sa bambance ja da kore, a Turawa kusan namiji 1 cikin 12 ne, a wurinmu bai kai haka ba amma akwai su kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba, don haka kar a ce kore daidai ja kuskure a tsaya nan, a haɗa da siffa ko ƙara.

Tsakani da Allah, mutum zai zama mai walda daga cikin tabarau?

Ba zai zama ba. Zai iso bakin wuta da rabin aikin a hannunsa, wannan kam na yarda. A 2011 Richard Stone na jami'ar jihar Iowa ya raba masu koyo 22 gida biyu, wasu suka yi ta hanyar da aka saba, wasu rabin lokacinsu a na'ura rabi a kan ƙarfen gaske, 'yan rabi da rabin ba su gaza ba har ma sun fi samun satifiket. Ƙaramin gwaji ne amma ya yi daidai da abin da ido ke gani. Ka lura fa rabi da rabi aka ce.

Ribar a fili take, ba a ƙona rodi ba a ɓata faranti, yaro zai yi layi 50 a lokacin da da zai yi 10 don ba yankan ƙarfe ba gogewa ba jiran ya huce. Ba zai kwana yana kuka kamar an zuba masa yashi a ido ba. Ga hayaƙi, wanda hukumar binciken kansa ta duniya IARC ta saka cikin abubuwan da tabbas suna jawo kansa a 2017, duk awar da aka rage wa mai koyo a cikinsa riba ce.

Abin da babu a ciki kuwa shi ne zafi, da tartsatsin da ke shiga takalmi, da nauyin kebul yana jan hannu, da yadda ake daurewa a ƙarasa layi gumi na shiga ido. Sannan abin da ya fi ba ni tsoro, mutum ya saba yin kuskure ba abin da ya same shi sai ya raina haɗari. Shi ya sa ko a Amurka dokar tuƙin fokalif, motar ɗaga kaya, ta ce bayan darasi sai an yi gwaji da hannu an kuma auna direba a wurin aikinsa na gaske, a maimaita awon aƙalla duk shekara 3. Tabarau ba ya sa hannu a takardar kowa, mutum ne ke sawa.

Na ji an ce ya fi aji sauri har sau huɗu.

Daga rahoton kamfanin ba da shawara PwC na 2020 maganar ta fito, kuma manajoji aka koya wa iya zama da mutane a ofis, ba walda ba ba injin ba. 'Yan talla suna ɗauko lambar su manna ta a kan komai. Kar ka ɗauka a haka, ka gwada da mutanenka ka ƙirga kwana nawa sabon ma'aikaci ke ɗauka kafin a bar shi shi kaɗai, da yawan kayan da ake ɓatawa.

Duk kuskuren da na yi a ciki oga zai gani? Ba da shi za a kore ni ba?

Tambayi wannan da babbar murya kafin ka sa shi a kai, don eh na'urar tana ajiye komai, sau nawa ka faɗi, daƙiƙa nawa ka tsaya tunani, wasu ma har inda idonka ya kalla. Kuma ko an goge sunanka ba lalle ka ɓuya ba, a 2023 masu bincike a jami'ar Berkeley sun nuna cewa daga motsin kai da hannu na daƙiƙa 100 kacal za a iya gane mutum a cikin sama da 50,000, daidai fiye da sau 90 cikin 100.

A Jamus majalisar ma'aikatan kamfani tana da ta cewa a doka kafin a kafa duk na'urar da za ta iya sa ido a kan ma'aikaci. Dokar AI ta Tarayyar Turai ta hana amfani da na'urar karanta yanayin zuciyar mutum a wurin aiki sai don lafiya ko tsaro. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kana da damar tambayar me aka ajiye a kanka da kuma don me.

Ra'ayina dai, kuskuren lokacin koyo tsakanin mai koyo ne da malaminsa, ofis sakamakon ƙarshe kawai ya kamata ya gani, ya iya ko da saura. Ranar da ma'aikata suka gane da makin gwaji ake rage mutane, kowa zai fara ɓoye inda yake da rauni, manhajar kuma da raunin take aiki, in ba ta gan shi ba me za ta daidaita? Akwai wani haɗarin kuma, in da bayanan samari masu jin Turanci aka saita ma'aunin, to duk mai yi a nutse za ta ɗauke shi maras ƙoƙari ta yi ta ba shi darasin yara, alhali shi a tsanake yake aikinsa. 'Yan ƙungiyar ƙwadago su sa ido a nan.

Mu masu koyarwa aikinmu ya ƙare ke nan?

Bai ƙare ba. Na'ura za ta ce hannun yaro na rawa, kai ne za ka gane bai karya ba ya fito, ko daga shif ɗin dare yake. Abin da za ta ɗauke maka shi ne maimaita magana ɗaya sau ɗari.

Nawa ne kuɗinsa?

Tabarau ɗin ne mai araha a ciki, Quest 2 ya fito a 2020 a kan dala 299, Quest 3 a 2023 a kan dala 499. Cikakkiyar na'urar walda mai teburi da hula kuwa dubun-dubatar daloli ake magana. Amma inda kuɗin ke tafiya da gaske shi ne zana injin ɗinka da rubuta darasi da fassara da gyarawa duk lokacin da aka canza layi. Lissafin PwC ɗin nan ma cewa ya yi sai masu koyo sun kai 375 kafin kuɗin ya yi kunnen doki da na aji. Kuma kar ka ɗaure kanka da na'ura ɗaya, Google ta daina sayar da tabarau ɗinta na masana'antu a 2023, Microsoft ta daina ƙera nata HoloLens 2 a 2024, waɗanda suka gina komai a kansu sai da suka koma neman mafita.

To mu nan fa, Sharaɗa da Challawa da Bompai da Kakuri, da wace wutar?

Mu ai mun fi su buƙatar ɓangaren daidaitawar, shiga kowace masana'anta a Kano ka ji harshe nawa ake yi a layi ɗaya, Hausa da Turancin buroka da Yarabanci da Ibo, injiniya ɗan Indiya ko ɗan Chana, littafin injin kuma wani lokaci da rubutun Chana ya zo. Yawancin leburori ranar farko ake nuna musu maɓalli a ce kalli na kusa da kai, haka ake rasa yatsu.

Maganar wuta, tabarau irin Quest batir gare shi yana kai awa 2 zuwa 3, in an sauke darasin a ciki ba ya neman netwok, ƙaramar sola ta ishe shi. Ƙura da zafi ne abokan gabarsa, a ajiye a akwati kuma kar rana ta haska gilashin cikin don tana ƙona allon. Amma ni ban ga dalilin da ƙaramin kamfani mai mutum 40 zai sayi nasa ba. ITF, hukumar asusun horar da ma'aikatan masana'antu, tana nan tun 1971, kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan ta kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata, ga hukumar ilimin fasaha NBTE a Kaduna ga kwalejojin fasaha, abin da nake fata shi ne cibiya ɗaya a kowace unguwar masana'antu da kowa zai riƙa turo mutanensa, har yaran Panteka da na Ƙofar Ruwa su samu shiga da yamma. Kafin nan ma ana iya farawa da waya, gajeren darasi da muryar Hausa, a tambaye ka ka taɓa hoto, in ka kuskure ya dawo maka gobe.

Ni manaja ne, an kawo mana talla. Me zan duba kafin in sa hannu?

Ranka ya daɗe kar ka gwada shi da kanka a ofis cikin AC, kar kuma ka ba yaron IT. Sauka ƙasa ka ɗauko mutum biyar, dattijon da ya fi kowa daɗewa, mace ɗaya, wanda ba ya karatu, bahago in akwai, da wanda aka ɗauka satin nan. Ka ce mai tallar ya koma gefe ya yi shiru. Ka duba ko darasin da aka ba dattijon ya bambanta da na sabon, in iri ɗaya ne to ba ya daidaita komai sunan kawai aka sa masa. Ka cire intanet ka gani ko zai ci gaba. Ka tambaya wa zai saka muryar Hausa, nawa ne gyara in kun canza injin, bayanan ma'aikata a wace ƙasa ake ajiye su, kuma in kamfaninsu ya rufe darasin naku ne ko nasu, a rubuta amsar a cikin yarjejeniya. Bayan sati biyu ka kai mutum biyar ɗin gaban injin na gaske tare da sufabaizansu a tsaye kusa da makunni, ka ce su yi abin da suka koya.